Yis ɗin Lutra a tukunyar burkutuna

Shekara ashirin ina dafa burkutu a Kaltungo, ban taɓa zuba wani abu a tukunya ba sai ragowar tsohuwar giya, yadda mahaifiyata ta koya min. Bana ɗan wana ya zo hutun Ista daga waje da wata 'yar leda mai gram 11, an rubuta Lutra a jiki. Ya ce, "Gwaggo, wannan zafi yake so, gwada ki gani."

Kamfanin Omega na Amurka ne ke yin sa, amma asalinsa daga manoman Hornindal ne a ƙasar Norwe, cikin irin yis ɗin da suke kira kveik. Yana aiki daga digiri 20 har 35. Abin da ya ja hankalina ke nan, don a watan Afrilu zafin garin nan shi ke lalata mana giya.

Ban canja komai a aikin ba. Na jiƙa jar dawa, ta yi tsiro, na shanya, aka niƙa, na dafa, na bar ta ta kwana ta yi tsami, na sake dafawa. Da ta huce na raba biyu: tukunya ɗaya da ragowar giyarmu, ɗaya mai lita 20 da Lutra, na ajiye su a ɗakin da rana ba ta duka. Kafin in kwanta ta Lutra ta fara kumfa. Da asuba tana ta ƙara kamar ana soya ƙosai.

Ɗanɗanon ne ya ba ni mamaki. Tsamin da aka samu daren farko yana nan, bai ƙaru ba, kuma ƙamshin dawa ya fito fili, babu warin nan da ke biyo bayan kwana biyu. A rana ta uku tamu ta gargajiya ta fara komawa ruwan tsami, ita kuwa ana shan ta lafiya. Sai dai tana da ƙarfi, ƙwarya ɗaya ta ishi mutum.

Tsofaffin unguwa sun rabu. Surukina ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce ta yi tsabta da yawa, ya miƙa ƙwaryarsa a zuba masa ta da. Ban ga laifinsa ba.

Ban ga yis ɗin Lutra a kasuwar Gombe ba, don haka na kwashe lakar da ta kwanta a gindin tukunya, na shanya a inuwa kan faranti mai tsabta, kamar yadda yaron ya ce manoman can suna yi. Bikin 'yar maƙwabciyata na watan gobe, da ita zan dafa.