Kayan canza boris ɗin tayar babur: na cirewa ya ci kuɗinsa, na sakawa da sauƙi

Tun kafin damina na sayi saiti biyu na kayan canza boris, ɗaya na cirewa ɗaya na sakawa, kuma yanzu da ruwa ya ɗauke sun sha aikin da ya isa in faɗi ra'ayina a kansu. Garejina ƙarami ne, a Rigasa yake, yawancin abin da ake kawo mana Boxer ne da Jincheng da Haojue, sai TVS jefi-jefi. Damina kuwa ita ce kakar boris a Kaduna. Babur ya wuni yana kutsawa cikin taɓo da ruwan kwata, ruwa ya bi ta sil, wato robar da ke tare ruwa da ƙura, ya wanke giris, sai ka ji taya ta fara gurnani, ko ka kama ta ka girgiza ka ji tana wasa.

Duk wanda ya koyi aiki a bakin titi ya san yadda muke yi: dogon ƙarfe ko tsohuwar sukundireba, a zura ta ɗaya gefen, a yi ta dukan boris har ya faɗo. Matsalar ita ce bututun nan da ke zaune a tsakanin boris biyun da ke cikin tayar, ɗaya a kowane gefe. Shi ke tare hanya, dole sai ka ture shi gefe kafin ka sami ɗan bakin da za ka daka, a wasu tayoyin ma ko motsi ba ya yi. Sai boris ya fito a karkace yana kankare mazauninsa. Hob, wato cibiyar taya inda boris ke zama, alminiyom ne, boris ƙarfe ne mai tauri, kowa ya san wanda zai ji jiki. Idan mazauni ya buɗe, sabon boris zai shiga salin-alin ba tare da guduma ba, mai babur ya yi murna, bayan 'yan makonni ya dawo yana cewa an saka masa jabu.

Abin cirewar da na saya ba shi da wani sunan kamfani a jikinsa, amma tsarinsa irin wanda kamfanin Motion Pro na Amurka ke yi ne. Wasu gajerun kawuna ne na ƙarfe, kowanne da tsaga a tsakiya, sai doguwar sanda mai baki kamar cizal. Ka zaɓi kan da ya yi daidai da ramin boris, ka cusa shi ciki, ka kifa tayar yadda kan zai zauna a kan siminti ko faffaɗan ƙarfe, sannan ka zuro sandar ta sama ta bi cikin bututun ta shiga tsagar. Bugu biyu ko uku masu kyau, tsagar ta buɗe, kan ya cije zoben ciki na boris gam. Daga nan ka ɗaga tayar ka ɗora a kan katako biyu, ka ci gaba da dukan sandar, boris ya sauko a miƙe tare da kan. Da na farko ya fita, bututun zai faɗo da kansa, na biyun kuma ya zama a fili.

Ba kullum yake kamawa ba. Idan akwai giris a ramin, ko an bar kan a rataye ba a kan abu mai tauri ba, sai ya zame ya fito shi kaɗai. Ɗan fetur a tsumma a goge ramin ya bushe, shi ke nan. Inda na ga ƙarancin ingancin nawa shi ne bakin sandar: ya fara lanƙwasa tun da wuri, sai da na kai aka wasa shi. Kan mai milimita 10 kuma siriri ne, ba ya son hannun yaro mai zafin guduma. Sannan in boris ya riga ya tarwatse, 'ya'yan sun zube, zoben waje kaɗai ya rage a hob, to wannan kayan ba shi da abin kamawa. A nan sai dai a kai wa mai walda ya ɗiga walda a cikin zoben, idan ta huce zoben yakan tsuke ya saki.

Kafin ka biya kuɗi, duba lambar boris ɗin baburan da kake gyarawa, tana nan rubuce a gefensa. Lambobi biyu na ƙarshe su ke faɗin girman rami: 00 milimita 10 ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17, daga 04 zuwa sama kuma a ninka da biyar, wato 04 milimita 20. Saboda haka 6201 da 6301 kai ɗaya ke cire su, duk da cewa faɗin 6201 milimita 32 ne, na 6301 kuma 37. Saitina ya zo da 10, 12, 15, 17, 20 da 25, amma 12 da 15 ne suka yi baƙi don aiki, 25 har yau da man da ya zo da shi. Da ana samun su ɗai-ɗai a nan, da guda uku sun wadatar da mai gyaran ƙananan babura.

Boris ɗin da aka ciro ta wannan hanya ya gama aiki, domin duk dukan ta kan 'ya'yansa ya bi. Wasu masu babur sukan ce, "Oga, wannan ai da sauransa, a wanke a mayar." Ba na mayarwa.

Saitin sakawa wasu faya-fayen alminiyom ne masu girma daban-daban da mariƙi guda. Aikinsu ɗaya: su sa dukan ya sauka a zoben waje kaɗai, kada ya taɓa na ciki ko robar sil. Suna yin aikin, kuma da yake alminiyom ne ba sa ji wa hob ciwo. Amma gaskiya da na san yadda abin yake da na riƙe kuɗina. Soket mai faɗin da ya yi daidai da zoben waje yana yin haka. Da na nuna wa wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe a tsohuwar Panteka da ke Tudun Wada, ya jujjuya faifan a hannunsa ya ce, "Ɗan nan, wannan ka sa kuɗi ka saya?" Na ce, "Wallahi kuwa, Baba." Ya ce in kawo tsohon boris ya auna. Abin da ya fitar mini na 6301 ya fi na saitin zama daidai, don na saitin ko dai ya ɗan zarce ko ya ɗan gaza. Wanda kuma ba ya son guduma sam, dogon ƙarfe mai zare da manyan washa da noti biyu za su ja boris ya shiga a hankali.

Dumama hob yana taimakawa ƙwarai, tunda alminiyom ya fi ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi, kusan ninki biyu. Masu firiza sukan sa sabon boris ya yi sanyi ya ɗan tsuke. Mu da wuta ba ta da tabbas, ajiye tayar a ranar Kaduna ta tsakar rana ma tana rage wahala. Kada dai a kusantar da harshen wuta ga roba.

Wurin da babu kayan da zai yi maka tunani shi ne boris na biyu. Na farko a kai shi har ƙarshen mazauninsa, za ka ji ƙarar dukan ta canja. A mayar da bututu, sannan a tura na biyun a hankali har zoben cikinsa ya taɓa bututun, a tsaya nan. In aka zarce, taya za ta yi nauyin juyawa, boris ya mutu da wuri ko da na kamfanin SKF ne ko NSK na gaske. Ni na fi sayen mai alamar 2RS, wato roba gaba da baya, a kan mai ZZ na murfin ƙarfe, saboda ruwan damina da ƙurar hunturu.

Akwai wani nau'in mai cirewa da ke zuwa da guduma mai zamewa a kan sanda. Na ara na gwada. Ya fi tsada, ya fi nauyi, amfaninsa kuma ya fi fitowa a cikin inji, inda rami ba shi da ƙofa ta baya. Ga taya, mai tsagar nan ya fi sauri. Mai gareji da ke canza boris kowane mako ya saye shi, ya kuma matsa bakin sandar da bakin kawunan ya duba kaurinsu tun a shago. Mai babur ɗaya kuwa ya nemi makanikin da ke da shi, ya tsaya a kansa har a gama.