Yini guda tsakanin Kanchipuram da Mahabalipuram: sharhina kan yawon da na yi da jagora daga Chennai

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Chennai ya san yadda kwanaki ke yin tsawo: daga masauki sai asibiti, daga asibiti sai masauki. Baffana na raka, kuma da aka gama masa aiki, likita ya ce sai mun dakata a sake duba shi kafin a ba mu izinin hawa jirgi. Baffan da kansa ya ce mini: "Ɗana, fita ka ga gari, ba kullum ake zuwa Indiya ba." Da haka na biya kuɗin wani yawo na yini guda da wani kamfanin 'yan yawon buɗe ido ke shiryawa: mota mai sanyi, direba, jagora mai jin Turanci, a je Kanchipuram da safe, a wuce Mahabalipuram da rana, a dawo da daddare. Hukuncina tun daga farko shi ne kuɗin bai tafi a banza ba, kuma jagoran ne ya sa ya biya. Sai dai garuruwan nan biyu sun fi ƙarfin yini ɗaya, kuma wanda ya fi cancantar lokaci a cikinsu shi aka tauye.

Sun zo ɗaukata bayan asuba kaɗan, a kan lokacin da suka faɗa. Kanchipuram na da nisan kimanin kilomita 75 daga Chennai, ta yamma maso kudu. Tun a mota na gaya wa jagoran cewa ni Musulmi ne, kallo da sanin tarihi suka kawo ni, don haka ba zan shiga cikin wani sha'ani na bauta ba, ba za a shafa mini toka a goshi ba, kuma zan buƙaci a tsaya mini in yi salla. Bai nuna wata damuwa ba. Ya ce dama akwai ɗakunan can ciki da ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, shi kuma zai riƙa yi mini ishara tun kafin mu isa inda masu kula da wurin ke miƙa wa baƙi toka ko fure. Ya cika alkawari har ƙarshen tafiyar, kuma na ga girmansa saboda haka. Ina ba duk ɗan'uwa Musulmi shawarar ya yi wannan maganar tun kafin mota ta tashi, kowa ya san matsayinsa.

Mun fara da wurin bautar Ekambareswarar, wanda har yanzu cike yake da masu ibada. Hasumiyar ƙofarsa ta kai kusan mita 59, kuma sarki Krishnadevaraya na daular Vijayanagara ne ya gina ta a farkon ƙarni na 16. Tun daga bakin ƙofa ake cire takalmi. Ciki akwai dogayen zaure masu ginshiƙan dutse jere reras, ga ƙamshin turaren wuta da na man fitila, ga iyalai sun zo da jarirai da tsofaffi. A tsakar gidan akwai bishiyar mangwaro da suke girmamawa, suna cewa asalinta ya kai shekara 3,500. Jagoran ya faɗi haka a matsayin abin da masu bauta suka yi imani da shi, bai ce in karɓa a matsayin tarihi ba. Haka ya riƙa yi duk yinin: in labarin addini ne ya ce labarin addini ne, in abin da aka karanta a rubutun jikin dutse ne ya ce haka. Wannan rarrabewar ita ce babbar fa'idar da na samu daga gare shi.

Wanda ya fi kama hankalina a garin shi ne Kailasanathar, da ke can gefen gari, babu cunkoso. Shi ne mafi tsufa a Kanchipuram. Sarkin daular Pallava mai suna Narasimhavarman na Biyu, wanda ake wa laƙabi da Rajasimha, shi ya gina shi wajen shekara ta 700 miladiyya, lokacin da garin yake babban birnin daularsu. An yi shi da wani dutse mai laushi mai ruwan ƙasa, shi ya sa sassaƙar ta fito da ƙananan bayanai, shi ya sa kuma iska da ruwan sama suka cinye fuskokin wasu. Jikin katangar ciki akwai ƙananan ɗakuna 58, ginshiƙai kuma ɗauke da zakuna a tsaye kan ƙafafun baya. Jagoran ya sa na durƙusa na leƙa cikin wani ɗan ɗaki, sai ga ragowar fenti, ja da kore da ruwan ɗorawa, ya manne a lungu inda rana ba ta kai wa. Ashe da can ginin duk a fente yake. Da ni kaɗai na je, zan wuce wurin ban ko sunkuya ba.

Daga nan ne abin da ya ɓata mini rai ya faru. Kanchipuram ta yi suna a duk Indiya wajen saƙar siliki, musamman zannuwan sari masu bakin zare mai ruwan zinariya da amare ke ɗaurawa. A takardar da kamfanin ya ba ni an rubuta za a kai mu mu ga masaƙa. An kai mu kuwa, amma kallon saƙar bai wuce 'yan mintoci ba, wani dattijo na zaune a ramin masaƙarsa yana wurga ƙoshiya, ban gama ganin yadda yake haɗa bakin zanen da jikinsa ba aka ce mu shiga kanti. A kantin aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo shayi, aka yi ta warware zannuwa ana tarawa a gabanmu. Fiye da awa guda ta tafi a nan. Kayan masu kyau ne, ban musa ba, kuma wanda ke neman tsaraba ga uwargida zai samu. Amma kowa ya gane akwai la'ada tsakanin kanti da masu kawo baƙi, kuma wannan awar daga rabon Mahabalipuram aka yanke ta. Ban ga laifin jagoran sosai ba, tsarin kamfani ne. Wanda ba ya son sayayya ya faɗa tun ranar biyan kuɗi, ya sa a rubuta.

Abincin rana ba ya cikin kuɗin. An tsaya a wani gidan abinci na marasa cin nama, aka zuba mana shinkafa a kan ganyen ayaba da miyar wake mai tsami da suke kira sambar, da kayan lambu kala-kala da kindirmo. Ga Musulmi wannan sauƙi ne, babu tambayar wa ya yanka. Yaji dai akwai shi. Direban ya tsaya mini a wani ƙaramin masallaci a bakin hanya na haɗa azahar da la'asar, ba tare da na sake tuna masa ba.

Mahabalipuram, wanda kuma ake kira Mamallapuram, yana bakin tekun Bengal, kimanin kilomita 60 kudu da Chennai. Tashar jiragen ruwan Pallava ce a ƙarni na 7 da na 8, kuma ana danganta sunan da laƙabin sarki Narasimhavarman na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 630 zuwa 668, ana ce masa Mamalla, wato gwanin kokawa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1984. Tun kafin a isa wurin tarihin za a ji ƙarar guduma, domin har yau garin cike yake da masassaƙan dutse, suna zaune a bakin titi ƙura ta yi musu fari fat.

Mun fara da gine-gine biyar da ake kira Pancha Rathas. A ido kamar an gina su, amma babu ko tubali ɗaya a jikinsu. Kowanne daga dutsen da ke wurin aka fafe shi, dutse mai taurin gaske, aka fito da rufi da ginshiƙai da ƙofa. Jagoran ya ja ni gindin babban cikinsu ya ce in kalli sama, sannan in kalli ƙasa. Saman an gama shi tsaf, da ado da komai, ƙasan kuwa dutse ne ɗanye mai sawun ƙarfe. Daga sama suke farawa su gangaro, kuma aikin ya tsaya ba a kammala ba, ba a taɓa yin bauta a cikinsu ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Magini in ya kuskure zai rushe ya sake ɗorawa, amma mai fafe dutse in hannunsa ya zarce, shi ke nan, ba a mayar da abin da ya fita. Kowanne kuma siffarsa daban: ƙaramin an yi shi kamar bukka mai jinka, wani dogo mai rufi kamar kifaffen kwalekwale, wani hawa-hawa. A gefe ga giwa tsaye, girmanta kamar mai rai, ita ma daga dutse ɗaya.

Sai babban falalen da ake kira Saukowar Kogin Ganga, wasu kuma su ce Tuban Arjuna, wani jarumi a labaran addininsu. Tsawonsa kusan mita 29, tsayinsa kusan 13, an cika fuskarsa da sassaƙar mutane da dabbobi da abubuwan bautarsu, duk sun fuskanci wata tsaga da ke tsakiyar dutsen. Tsagar halitta ce, masassaƙan suka mayar da ita kogi, suka sa macizai masu kan mutum a ciki. Masana na ganin akwai tafki a sama da ake sako ruwa daga cikinsa ya gangaro ta tsagar a lokutan biki. Akwai wani ramammen mutum tsaye da ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, haƙarƙarinsa a fili. Wasu sun ce Arjuna ne yana neman makami daga abin bautarsu Shiva, wasu sun ce wani sarki mai suna Bhagiratha ne yana roƙon a saukar da kogin Ganga duniya, kuma jagoran ya kawo hujjar kowane ɓangare bai tilasta ɗaya ba. Can ƙasa, kusa da hauren babbar giwa, ya nuna mini wata kyanwa ita ma tsaye da hannuwa a sama tana kwaikwayon mai ibada, ɓeraye na wasa a gindinta sun saki jiki. Tuban muzuru ke nan, an sassaƙa shi a dutse fiye da shekara 1,300 da suka wuce.

Kusa da nan akwai kogon da aka sassaƙa abin bautarsu Krishna ya ɗaga dutse yana kare makiyaya daga ruwan sama. Abin da ya tsayar da ni a wurin wani makiyayi ne a tsugune yana tatsar saniya, ita kuma ta juyo da wuya tana lasar ɗan maraƙinta. Wanda ya taɓa wayar gari a ruga zai gane cewa mai wannan aikin ya zauna ya kalli shanu da idonsa. A duk abin da na gani ranar, wannan ya fi zauna mini a rai.

Wani dunƙulallen dutse da ke tsaye a kan gangara, wanda tsayinsa ya kai kusan mita 6 kuma bai taɓa mirginowa ba, wurin ɗaukar hoto ne, minti goma ya ishe shi. Kogon Mahishasuramardini, inda aka sassaƙa Durga, wata abar bautarsu, a kan zaki tana yaƙar wani mai kan ɓauna, da gudu muka gan shi, hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke kusa kuwa ko hawa ban yi ba.

Wurin bautar bakin teku muka isa rana ta kusa faɗuwa, masu gadi sun fara shirin rufewa. Shi ginawa aka yi da yankakkun duwatsu, a zamanin Rajasimha ɗin nan da ya gina Kailasanathar, kuma a nan ne na ga amfanin haɗa garuruwan biyu: sarki ɗaya, zamani ɗaya, gini ɗaya a dutse mai laushi cikin gari, ɗaya a dutse mai tauri a bakin ruwa. Gishirin teku ya suɗe sassaƙarsa har jerin bijiman da ke kan katanga sun zama sumul. An jibge manyan duwatsu an kuma shuka itatuwa don kare shi daga igiyar ruwa. Jagoran ya ba da labarin Sunami, ambaliyar tekun nan ta 26 ga Disamba 2004, yadda ruwan ya kwashe yashin bakin gaɓa ya tono wasu sassaƙe-sassaƙe da suka daɗe a binne, har da wani zaki. Ina da tambayoyi da yawa a kan haka, amma usur ɗin masu gadi ya katse mu.

Ga wanda zai je: a tambaya ko kuɗin shiga na cikin abin da aka biya, domin nawa ba ya ciki. Lokacin da na je, baƙo na biyan rupi 600 a Mahabalipuram, ɗan ƙasa 40, tikiti ɗaya kuma ya wadatar ga wuraren, don haka kada a yar da shi. A tafi da safa mai kauri, saboda daɓen dutse na ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, da lema da ruwan sha. Wuraren bautar Kanchipuram da ake ibada a cikinsu suna rufewa da tsakar rana sai wajen ƙarfe 4, shi ya sa ake farawa da su. Daga Afrilu zuwa Yuni zafin yankin ba na wasa ba ne, Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi. Akwai hawa da sauka a kan duwatsu, don haka kada a ɗauki mara lafiyar da bai gama murmurewa ba. Wanda yake da yini biyu ya raba garuruwan. Wanda yini ɗaya kawai gare shi, ni dai shawarata ya ɗauki jagora zuwa Mahabalipuram kaɗai, ya isa da sassafe, ya fara da bakin teku kafin rana ta yi zafi.