Kallon kifin wel a Hermanus: jirgin ruwa ko kan dutse?

Jama'a, duk mai niyyar zuwa Hermanus kallon kifin wel ya ɗan saurara kafin ya zuba kuɗinsa a tikitin jirgin ruwa. Ni na biya, na shiga, na dawo da jiri da jiƙaƙƙen wando, washegari kuma na ga abin da ya fi wancan daga kan dutse ban biya ko sisi ba.

Hermanus ƙaramin gari ne a bakin teku a Afirka ta Kudu, wajen kilomita 120 daga Kef Tawun. Kifayen suna fara isowa tun wajen watan Yuni, suna nan har Nuwamba ko farkon Disamba, amma Satumba da Oktoba ne suka fi yawa, ni ma a Satumba na je. Daga can ruwan sanyi na kusa da Antatika suke tasowa, inda suke cika ciki da wasu mitsi-mitsin halittu masu kama da jatan lande, sai su zo gaɓar nan ta Walker Bay su yi barbara su haihu. Eh, haihuwa. Mu dai kifi muke ce masa tun daga labarin Annabi Yunusa, amma wannan dabba ce mai shayarwa, iska take shaƙa, in ba ta leƙo sama ba sai ta mutu.

To batun kamfanin jirgin. Ba zan kama suna ba. Kama wuri a jirgin ba wahala, ta waya na yi, kuma sun gaya min tun farko cewa in iska ta yi ƙarfi za su ɗaga tafiyar, wannan na yaba musu. Abin da ban yaba ba shi ne sun ɗaga ɗin amma ba wanda ya kira ni, sai da na taso da sanyin safiya na isa sabuwar tashar jiragen garin sannan wata baiwar Allah a kanta ta ce ai sai ƙarfe biyu. Haba! Lambata tana hannunku fa.

Kafin mu shiga sun tara mu sun yi mana bayani, kuma gaskiya nan ne na fi cin moriyar kuɗina. Matashiyar da ta yi bayanin ta san aikinta. Ita ta nuna mana yadda ake gane irin wannan kifin: ba shi da fiffike a gadon baya, in ya fesar da numfashi sai ya rabu biyu kamar harafin V, sannan a kansa akwai wasu farare-fararen kirci masu kaushi da wasu ƙwari ke zaune a kai. Kowane kifi da tsarin kircinsa, kamar zanen yatsa, da shi masu bincike na Jami'ar Pretoria ke gane su ɗaya bayan ɗaya, tun 1979 suke shawagi ta sama duk shekara suna ɗaukar su hoto. Babbar mace takan kai mita 15. Ciki kusan shekara guda, jaririn kuma ya faɗo da tsawon mita 4 zuwa 5, wai shi ne jariri. Abin da ya fi taɓa ni shi ne uwar kusan ba ta cin komai duk watannin da take nan, da kitsen jikinta take shayarwa har ta rame, shi ya sa sai bayan kamar shekara uku take sake haihuwa.

Hatta sunan da Turawa suka sa masa, right whale, akwai ban tausayi, wai kifin da ya dace, wato ya dace a farauta, don ba shi da sauri, yana son gaɓa, in an kashe shi kuma ba ya nutsewa. Haka aka yi ta kashe su har suka kusa ƙarewa kafin a haramta a 1935.

Cikin jirgin kuwa sai a hankali. Yana da tsabta, an ba kowa rigar ceto, ma'aikatan ba su da wulaƙanci. Amma mun cika maƙil, da an ce ga shi can sai kowa ya ruga ɓangare ɗaya, in ba ka da tsawo ƙeyar mutane da wayoyinsu kawai za ka kalla. Lasifikar tana ta ƙorafi, rabin maganar iska ta kwashe. Ga igiyar ruwa tana ɗaga mu tana saukewa, ban sha maganin jiri ba don taurin kai, wannan kam laifina ne, minti arba'in da tashi na fara karanta duk addu'ar da na sani.

Mun ga kifaye dai, ba zan yi musu ƙarya ba. Dokar ƙasar ta hana kowa matsawa kusa da su ƙasa da mita 300, jirage masu lasisi ne kawai ke ɗan ƙara matsawa, kuma matuƙinmu ya kiyaye, ya rage inji ya bar su su zo da kansu in sun ga dama. Ɗaya ya zo. Ya taso a gefenmu ya fesa numfashi, ƙarar kamar an kwance tayar tirela, ga wani ƙarni da ya buso, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Wannan sakan goman ba za ka same su a kan tudu ba. Sauran awa biyun dai baƙin baya ne ke ɓullowa yana nutsewa daga nesa, ni kuma ina riƙe da leda.

Washegari na bi hanyar ƙafa da ke kan duwatsun bakin tekun, tana da tsawon kusan kilomita 12 amma ba dole ka gama ta ba, ni a Gearing's Point na zauna, kusa da tsohuwar tasha. Saboda kana sama, kuma ruwan yana da zurfi har gindin dutsen, sai ka ga dabbar gaba ɗayanta daga kai har jela, abin da jirgi bai ba ni ba. Wata uwa da ɗanta suka zo suka yi fiye da awa ɗaya a ƙasana, ɗan sai rigima, ya haye bayanta ya zame, ya bugi ruwa da jela, ita ko ko a jikinta, can ta gaji ta juya ciki sama don ya ƙyale ta. Can nesa wani ya yi tsalle ya fito kusan duka ya faɗo, sai da na ga fantsamar kafin ƙarar ta iso. Garin ma yana da mai shela tun 1992, yana yawo da ƙaho na ciyawar teku, in ya busa an san an ga kifi, da farko na ɗauka wasan 'yan yawon buɗe ido ne kawai amma ni dai na bi ƙahon kuma ban yi asara ba.

Jirgin na ba shi tauraro uku cikin biyar, ɗaya na matashiyar nan ne, ɗaya na kifin da ya yi mana numfashi a fuska. In kwana ɗaya gare ka, ko kana da yara ko tsofaffi, ko ruwa na juya maka ciki, ka zauna kan dutse da madubin hangen nesa da rigar sanyi mai kauri, iskar wurin ba ta wasa ko da rana ta fito. In kwana biyu ne ka fara da dutsen, sannan ka shiga jirgin safe kafin iska ta taso, ka sha maganin awa guda kafin nan, kuma ka kira su da kanka ka ji ko tafiyar tana nan.