Taswirar Daular Turkawa da na saya a Yaba: takarda ta yi, fenti bai yi ba

Mako uku ke nan da na rataya ta a bangon ajin da nake koyarwa a Agege, na ga lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani. Taswirar bango ce, girmanta ya kusa na dardumar sallah, tana nuna ƙabilu da harsunan Daular Usmaniyya a zamanin Sarki Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566. Sai da na rubuta "ta Turkawa" a ƙasanta, don ranar farko yara sun ɗauka ta Shehu Ɗan Fodiyo ce, suna ta laluben Sakkwato. A wani shagon littattafai a Yaba na same ta.

Wajen inganci ba ni da ta cewa. Takardar mai kauri ce, an manne ta da leda, kuma duk mazaunin Legas ya san abin da danshin damina ke yi wa takarda. A naɗe na shiga danfo da ita, aka matse mu har Oshodi, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Sunayen manyan birane na karantuwa daga benci na uku. Na tsibirai kam, sai ka sa tabarau.

Inda muka raba gari da mai zanen shi ne fenti. Kowane yanki ya ba shi launi ɗaya: Turkawa ja, Girkawa shuɗi, Larabawa kore tun daga Halab har Alƙahira. Ka duba Salonika, birnin da ke ƙasar Girka a yau, ya shafe ta da shuɗi tas. Alhali bayan an kori Yahudawa daga Sifaniya a 1492, Sarki Bayazid na Biyu ya karɓe su, kuma a zamanin Sulaiman su ne suka fi yawa a birnin, suna magana da Sifaniyancinsu. A tsakiyar Anatoliya, a ƙasar Turkiyya ta yau, wajen Karaman, akwai Kiristoci waɗanda Turkanci ne harshensu na gida. A Bosniya kuwa ga Musulmi masu yaren Silabawa irin na maƙwabtansu Sabiyawa. Daga can ma Sokollu Mehmed Pasha ya fito, ɗan gidan Kiristoci da ya zama babban waziri a 1565. To wane launi za a shafa masa?

Abin da ya fi ci min rai, ita kanta daular ba harshe take ƙirgawa ba. Littattafan harajinta gidaje suke lissafawa, su ware Musulmi da masu biyan jiziya. Ban da haka, ruwanka ne ka yi Kurdanci ko Armeniyanci da matarka. Waɗannan layuka masu kaifi da ke raba ja da shuɗi, mai zane ne ya yanka su da rularsa.

Ina cikin wannan bayani wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan in shi ya zana Legas, Yarbawa zai rubuta a kan Agege gaba ɗaya?" Na ce haka zai yi, har da Idi-Araba da kasuwar Mile 12. Aji ya kwashe da dariya, don rabinsu a nan aka haifi kakanninsu.

Duk da haka ban sauke ta ba. Tana da amfani wajen nuna inda Masar take, wadda Sarki Salim ya ci a 1517, da Tarabulus, inda hanyar fataken Borno ke ɓullewa. Wanda ke neman wannan ya saya, kuɗinsa ba su faɗi ba. Amma ya haɗa da alƙalamin maka kala uku ko huɗu. Ledar na karɓar rubutu, kuma tana goguwa da tsumma mai laima. Yanzu Salonika ɗinmu ta cika da ɗige-ɗige, gobe kuma Istanbul za mu taɓa.