Sensar oksijin mai soket ɗinta ko wadda ake yanke waya a haɗa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wace sensar oksijin za ka saya, wato na'urar da ake ɗaurawa a jikin salansar mota don auna oksijin da ke cikin hayaƙi. Tsakanin wadda ke zuwa da soket ɗinta da wadda ake cewa tana shiga kowace mota, wadda sai an yanke wayoyi an haɗa, ka sayi mai soket, kuma ka tabbata lambarta ta dace da injinka. Man da ka ce yana jiƙa saman akwatin giyarka kuwa ba ruwansa da sensa, zan zo kansa daga baya.

Ta kowace mota ɗin na taɓa sayenta sau ɗaya, kuma iyakar alherin da zan faɗa a kanta shi ne tana da araha, ta kuma ɗauru a jikin salansa. Fitilar injin ta mutu kwana huɗu ta dawo, shan mai kuma bai ragu ba.

Da na gaji da biyan kuɗin aiki sau biyu, sai na nemi sensar kamfanin Denso mai lambar motata. Makaniken ya bari salansa ta huce, ya fesa wa tsohuwar mai, ya kwance ta da sifana mai lamba 22, ya ɗaura sabuwar, soket ya shige ƙas ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Muka tayar da injin, muka zuba wa na'urar duba kwamfuta ido. Da sensar ta yi zafi sai ƙarfin wutarta ya fara lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9 ba tsayawa, alhali waccan tana maƙale a tsakiya kamar mai gyangyaɗi. Wannan lilon shi ne aikinta, domin da shi kwamfutar mota take gane ko mai ya yi yawa ko iska, ta riƙe haɗin a kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Shekara biyar ke nan ban sake tunawa da ita ba.

Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Sensa ba ta fara aiki sai ta kai zafin digiri 300 ko fiye, shi ya sa ake sa mata hita a ciki, kuma kwamfutar kowace mota ta san yawan wutar da hitarta ya kamata ta ja. In aka kawo wata da ta saɓa, sai ta ɗauka akwai matsala. Sannan motoci da yawa, musamman Toyota da Honda na bayan shekarar 2000, sensarsu ta gaba, wadda ke kafin tukunyar tace hayaƙi, wani nau'i ne daban mai auna haɗin iska da mai kai tsaye, kuma ta kowace mota ba ta maye gurbinta ko da wayoyin sun zo huɗu-huɗu.

Kafin ka fitar da kuɗi dai, a karanta maka lambar matsalar da na'urar duba kwamfuta ka gani da idonka. P0135 tana nuni ga hitar sensar gaba, kuma wani lokaci fis ne kawai ya ƙone. P0171 tana cewa iska ta yi yawa, wanda sau da yawa tiyo ne ya tsage ko salansa ke yoyo kafin wurin sensa. P0420 kuwa galibi tukunyar tace hayaƙi ce ta gaji, sensar da ke bayan tukunyar rahoto kawai ta kawo.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu wanke tsohuwar sensa da fetur, su goge ta da burushin ƙarfe, su sa ta a sabon kwali, akwai kuma jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Kada kwali ya ruɗe ka. Ka duba lambar da aka zana a jikin ƙarfen, ka sa a auna wayoyin hita biyu masu launi ɗaya da mita a gabanka, kuma ku yi magana a kan mayarwa tun kafin ka biya. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da yake sayarwa.

Game da man giya, kada ka yarda a sauke maka akwatin giya tukuna. A samansa akwai wata 'yar kafa mai hula ko ɗan guntun tiyo, wadda ta nan giyar take numfashi idan mai ya yi zafi ya kumbura. In ƙura da laka suka toshe ta, iskar da ta rasa mafita sai ta tura mai ta bakin sil, mutum ya yi ta canza sil yoyo yana dawowa. In kuma ta kafar kanta man ke fitowa, to ko an cika shi fiye da kima ko giyar tana zafi fiye da yadda ya kamata. A cire hular a wanke, a busa a ga iska tana wucewa, sannan a auna man a kan shimfiɗaɗɗen wuri yadda littafin motar ya tsara. Ka duba launinsa ma. In ya koma ruwan hoda mai kauri da kumfa, ruwa ya shiga, wataƙila ta wannan kafar lokacin da motar ta ratsa ruwa mai zurfi da zafinta, kuma wannan man ba a ƙara tafiya da shi, a zubar a zuba sabo tun ruwan bai ɓata kulocin ciki ba.