Dillalin inshorar motocina: takardu ba ɓata lokaci, diyya sai an bi sawu

Kayan ofis nake sayarwa, tebura da kujeru da kabad, kuma ina da motoci uku na kai wa masu saye kayansu. Dillalin inshorar da ke riƙe da motocin nan ƙaramin ofis ne mai ma'aikata kaɗan. A wajen takardu ban taɓa hulɗa da kamarsu ba, amma a wajen karɓo diyya ina da ƙorafi.

Takardar shaidar inshora ce ta kai ni wurinsu. Duk mai kai kaya manyan kamfanoni ya san mai gadi ba ya ɗage maka ƙarfe sai an ga shaidar cewa motar na da inshora, wasu ma sai sun ga sunan kamfaninsu a jikin takardar. Inda nake a da, sai na gaji da kira kafin a turo min. Waɗannan kuwa in na aika saƙo da safe, kafin yara su gama ɗaure kaya takardar ta shigo wayata, in tura wa direba, in buga ɗaya a ajiye a mota saboda ranar da waya ta mutu.

Matar da ke kula da fayil ɗina ta ƙi ta kwafi lambar shasi daga tsofaffin takarduna. Ta ce a ɗauko mata hoton lambar daga jikin kowace mota. Lambar shasi ta motocin zamani haruffa ne da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da ɗaya da sifiri. Sai ga shi a tsohuwar takardar mota ɗaya an buga harafin O a gurbin sifiri. Ba ɗan sandan da ya taɓa lura a hanya, amma ranar neman diyya mai binciken kamfani zai lura, kuma a nan ake samun kafar ja maka rai.

Ita ce kuma ta zaunar da ni ta bambance min takardar shaida da yarjejeniyar inshorar kanta. Takardar shaida shafi ɗaya ce: lambar inshora, lambar mota, ranar farawa da ranar ƙarewa, wanda aka yarda ya tuƙa, da irin aikin da aka yarda motar ta yi. Ba ta ƙara maka komai a kan abin da ke cikin yarjejeniyar. Idan aka soke inshorarka saboda ka tsallake biya, takardar na nan fes a aljihun mota da kwanan watanta, alhali ba abin da ke bayanta. Shi ya sa kamfanoni masu hankali kan kira su tabbatar.

Layin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne na irin aikin mota. Ta tambaye ni ko direbobina kan ɗauko kayan wasu a biya su idan za su dawo ba kaya. Na ce yakan faru. Ta ce to ɗaukar kayanka daban ne da ɗaukar kayan wani don kuɗi, kowanne da ajinsa da kuɗinsa, kuma idan hatsari ya samu motar tana aikin da ba a rubuta ba, kamfani na iya ƙin biyan gyaranta. Na zaɓi in hana direbobin, don ɗan abin da ake samu bai kai ƙarin kuɗin ba. Haka kuma ta nuna min cewa ko cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motarka da ɓarnar da ka yi wa wani, galibi ba ta rufe kayan da ke bayan mota. Wannan inshora ce daban ta kayan da ke kan hanya. Tebura goma masu saman gilashi ba abin wasa ba ne, sai na sayi inshorar kayan.

Sun haɗa motocin uku a inshora ɗaya mai ranar sabuntawa ɗaya, kuma duk direban da na ba izini mai lasisin da ya dace yana ciki. Sun kuma ja min kunne cewa takardar ba lallai ta yi aiki a hayin iyaka ba. Don haka ne ake da koren kati a Turai, da kati mai ruwan ƙasa a ƙasashen ECOWAS, da rawayan kati a yankin COMESA na gabashi da kudancin Afirka. Motocina ba sa fita waje, amma na ji daɗi da aka faɗa min ban tambaya ba.

Sai direbana ya ja da baya ya daki ginshiƙi a wani sito, ƙofar baya ta lotse har ba ta rufuwa. A ranar na kai rahoto da hotuna. Daga nan ofishin da ke amsa min saƙo kafin in ajiye waya ya koma sai na kira na sake kira. Manhajarsu ta ƙi karɓar hotunan, sai da na tura ta imel. Mai ƙiyasin ɓarna ya jima bai zo ba, bakanike kuma ba damar ya taɓa motar kafin ya zo. Da kuɗin suka fito an cire kason da zan fara biya daga aljihuna, wannan na sani tun farko. Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne kuɗin motar da na yi haya a tsawon zaman gareji ba ya ciki, domin ban sayi wannan ƙarin ba. Mutumin da ya lura da harafi ɗaya a lambar shasi bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Na san kamfanin inshora ne ke biya, ba dillali ba. Amma dillali na karɓar kamasho, kuma bin sawun diyya na cikin aikin da ake biyansa dominsa.

Na sabunta da su bana. Kafin in biya na sa an ƙara min kuɗin motar haya, na kuma nemi a rubuta min sunan ma'aikacin da ke bin diyya da lambarsa ta kai tsaye.