A riƙa tayar da mota duk mako, ko a bar ta ta yi barci har Afrilu?

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ka sayi motar Mustang bana a Toronto ta ƙasar Kanada, wannan ne hunturunka na farko da ita, kuma ba ka son ta taka gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, mai sa mota tsatsa. Wani ya ce ka riƙa shiga gareji duk Asabar kana tayar da ita na minti goma, wani kuma ya ce ka lulluɓe ta sai Afrilu. Na yi duka biyun da tawa motar.

Shawarar farko ita ce ta fi kwanta mana a rai, don haka muka taso muka gani: maigida ya fito da sassafe ya tayar da mota, ya bar ta tana ƙugi yana shan kokonsa. A Kano ba wata babbar illa. A garejin da sanyinsa ya kai digiri 10 ƙasa da sifili (-10) kuwa, lissafi ya canza. Duk litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. In mota ta yi doguwar tafiya, zafi zai kore shi. In a tsaye take na minti goma, allurar zafi za ta ɗan motsa ta yaudare ka, alhali baƙin mai bai ɗau zafi ba, bare salansa. Kana kashewa tururin nan ya koma ruwa ya kwanta a ciki, tsatsa ta samu wurin zama. A shekarar da na yi haka, cikin Maris na buɗe murfin zuba baƙin mai na tarar da wani abu fari-fari kamar kindirmo manne a jikinsa. Bakanike na gani ya ce, "Tayar da ita kake yi ba ka fita da ita, ko?"

Batirin da ake cewa don shi ake wahalar ma ba ya amfana. Tayar da inji cikin sanyi na jan wuta sosai, kuma minti goma a tsaye ba lallai ya mayar da ita ba. Ga hayaƙi: in garejin manne yake da gida, akwai iskar guba marar wari da ke iya kutsawa ɗakuna. Hanyar nan ba ta da amfani sai in za ka hau babban titi kamar 401 ka yi rabin awa, to kuma ka ga an gudu ba a tsira ba, ga gishirin da kake gudu. Sannan in tayoyin lokacin zafi ne a ƙafarta, da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarsu ke fara taurarewa, riƙon titi ya ragu.

Ta biyun wahalarta ta yini ɗaya ce, a farkon Nuwamba. Ka wanke ta har ƙasan ciki, ta bushe sarai. Ka canza baƙin mai kafin ajiyewa, kada tsohon ya kwana wata biyar a inji. Ka cika tanki fal, ka zuba maganin hana fetur lalacewa irin STA-BIL, ka ɗan zaga unguwa ya ratsa ko'ina. Fetur ɗin nan akwai etanol a ciki, shi kuwa jan laima gare shi. Ka ƙara wa tayoyi iska kaɗan sama da yadda ka saba, domin duk saukar digiri 5 zuwa 6 na rage kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya. Kada ka ja hanbirki, yana iya liƙewa; ka sa katako ka tokare taya.

Batir shi ne zuciyar maganar. Ka sayi 'yar na'urar da ke kula da caji, irin CTEK ko Battery Tender, wadda ke tsayawa da kanta in ya cika. In babu soket a garejin, cire batirin ka shigo da shi gida ka jona a can. Cikakken batir na jure sanyi mai tsanani, amma wanda ya sauke gaba ɗaya na iya daskarewa tun kafin -10, har jikinsa ya tsage.

Ita ma wannan hanyar tana da nata ciwon kai, kuma sunansa ɓera. Motar da ba a taɓawa masauki ce a wurinsa: ya yi sheƙa a matatar iska, ya gwaigwiye wayoyi. Na taɓa kwaso ɓawon iri cike da tafin hannu daga ƙarƙashin bonet. Ka kwashe duk wani abin ci, har dabinon da yara suka yar a ƙasan kujera. Ka cusa soson ƙarfe a bakin salansa, ka ɗana tarko a gefen bango, ka riƙa leƙawa duk bayan mako biyu. Mayafin kuma na yadi mai shan iska, ba tamfol ba.

Akwai ribar aljihu ma. A Ontario, lardin da Toronto take, ana iya dakatar da inshorar hawa titi da takardar OPCF 16, ka bar ta gobara da sata. Ka tuntuɓi kamfaninka tukuna, musamman in da bashi ka ɗauki motar. Da zarar ka dakatar, ko fitar rabin awar nan ta haramta.

Ni dai ta biyun nake bi yanzu. In Afrilu ya zo, ka haƙura a yi ruwan sama mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu ya wanke gishirin titi, ka dawo da inshora, ka daidaita iskar taya. Za ka iya jin 'yar girgiza a kilomitocin farko, yawanci tana bari in tayoyin sun ɗau zafi. Kuma tun ranar ajiyewa ka manna takarda a sitiyari mai cewa akwai soso a salansa, domin ni sai da nawa ya yi tsalle ya bugi ƙofar gareji na tuna da shi.